Garkuwar Aro

Thorkild ya iso tun gari bai waye ba,
takalman roba duk taɓo, akwatin sanyi a hammata.
Kwalabe arba'in da biyu, kowace da lambar kunne.
Ya ce, "Vibeke, duba mini.
Suna ci, amma kamar a kwando nake zuba ruwa."

Na san gonarsa, can bayan Lemvig,
inda iskar teku ta koya wa ciyawa kwanciya gefe guda.
Na taɓa shiga ɗakin 'yan aladun da aka yaye:
ƙashin baya ya fito kamar haƙoran zarto,
gashi ya miƙe, fata ta koɗe,
kaluluwa ta kumbura a matsematsi,
kai ya fi ƙarfin mai shi.
Ba sa kuka.
Shirun nan ne ya biyo ni har mota.

Na jera kwalaben a injin juyi.
Minti goma, jini ya rabu gida biyu:
ja ya kwanta ƙasa,
ruwa mai kalar karan alkama ya taso sama.
Shi nake nema. Shi ne mai riƙe labari.

Faranti mai ramuka casa'in da shida.
Ɗiga, jira, wanke.
Ɗiga kuma, jira kuma.
Kofina ya huce a bakin taga,
ruwan sama na ta ƙwanƙwasa gilashi kamar mai bin bashi.
Sai shuɗi ya fara kunno kai,
rami bayan rami,
na ɗiga na ƙarshe, duk suka koma rawaya.

Kusan duka. Ramammu da masu ƙiba.

To me zan ce wa mutumin?
Launi cewa yake: an san baƙon nan a gidan nan.
Bai ce an kore shi ba.
Sawu na gani a bakin ƙofa,
ban ga ɓarawon ba, ban san abin da ya ɗauka ba.

Wata garkuwar ma ba tasu ba ce.
A dakashi suka sha ta, daren haihuwa,
uwa ta ara musu abin da jininta ya koya.
Amma zanen aro ba ya rufe katara:
mako yana bin mako yana sanƙamewa, yana yagewa,
kafin jiki ya saƙa nasa
akwai 'yan kwanaki da ƙofa ke buɗe.
Nan ƙwayar cutar ke raɓewa.
Ka yi rigakafi da wuri, garkuwar uwa ta haɗiye shi.
Ka makara, ka tarar an riga ka shiga.

Lamba 317, launinsa dishi-dishi,
kamar shayin da aka maimaita wa ganye.
Lamba 318, rawaya jawur.
Uwa ɗaya, dare ɗaya.
Ko ɗayan ne ya zo ƙarshe, ya tarar an shanye?
Takardata ba ta da layin wannan tambaya.

Na kira shi da la'asar.
Ina jin ƙarar injin abinci a bayansa.
Na ce, "Jini ɗaya hoto ɗaya ne, Thorkild.
Ina son na biyu bayan mako uku,
daga lambobin nan dai, kar ka canza,
in ga wa ya hau, wa ya sauka."
Ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce, "In sun kai."

Yau mako ukun ya cika.
Akwatin dai shi ne, taɓon ma shi ne.
Na buɗe, na ƙirga da yatsa cikin safar hannu:
talatin da bakwai.
Gurbi biyar a cikin soso, zagaye, babu kowa.

Bai faɗa ba, ban tambaya ba.
Na ɗauki 318 na ɗaga wa haske,
na nemi maƙwabciyarta a hagu,
sannan na kunna injin.