Ganye Uku a Limnos

Ruwan da aka ba ni yau kofi ɗaya ne, Hazel.
Na sha rabi, na wanke hannu da rabi,
abin da ya ɗiga a tasa na jiƙa wa wani yaro leɓe da shi.
Ki gaya wa Mama ina nan lafiya.
Sauran kuwa ki bar shi a cikinki.

Tsibirin nan ba shi da inuwa.
Dutse ne da ƙaya, da iskar da ba ta san dare ya yi ba.
Shekaranjiya ta tumɓuke tanti na huɗu
da mutum goma sha tara a ƙarƙashinsa,
muka bi igiya cikin duhu muna lalube,
ni da Sista Pascoe, laka har gwiwa.

Jiragen ruwa kan iso daga Galifoli da asuba.
Ba sa busa ƙaho. Da wari muke gane su.
A jere ake sauke mana samarin a kan tsakuwa,
kowa da 'yar takarda a maɓallin riga:
wannan ƙafa, wannan ciki,
wannan ruwan teku ya cinye rubutun,
sai dai mu karanta a jikinsa.

Bandeji ya ƙare tun ranar Talata.
Farin fatarin nan da kika ɗinka mini da hannu,
mai ƙananan furanni a baki,
na yayyaga shi gida goma sha biyu.
Ki yafe ni. Furenki ɗaya yana ɗaure
a cinyar wani makiyayin tumaki daga Dubbo,
kuma jinin ya tsaya.

Akwai wani Clarrie Dunstan a gado na bakwai,
shekara sha tara a takarda, sha shida a fuska.
Atuni ya tsotse shi
har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu.
Ba ya kuka. Tambayarsa ɗaya ce:
yanzu ƙarfe nawa a gida?
Nakan ce, can gari ya waye, an saki shanu.
Sai ya lumshe ido ya raka su rafi.

Wasiƙarki ta iso bayan mako tara
da ganyen turare uku a ninke a ciki,
na bishiyar bayan ɗakin girki, na shaida ta.
Ban yi rowa ba.
Da dare na ɗora ɗaya a murfin gwangwani
na kara shi a kan fitila.
Hayaƙin bai fi zare kauri ba,
amma tantin nan kaf ya yi tsit.
Masu nishi suka haɗiye nishinsu.
Mutum arba'in suna shaƙa a hankali
don kada su ƙarar da shi.
Clarrie ya ce, Sista, an yi ruwa a daji ke nan.
Na ce, an yi.

Bai kai Juma'a ba.
Evdokia, tsohuwar da ke kawo mana ɓaure a kan jaki,
ita ta taya ni ja masa bargo har ka.
Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa.
Ta dafa kafaɗata, ta jefa ɓaure biyu a aljihuna,
ta ja jakinta ta tafi.

Ni ce zan rubuta wa uwarsa.
Sau uku ina farawa.
Alƙalami ya haddace abin da ake faɗa,
wai bai sha wuya ba, barci ne ya ɗauke shi.
Hannuna ne ya ƙi.
Wataƙila in ce mata ya shaƙi ƙamshin gida,
wannan kam ba ƙarya a ciki.

Saura ganye biyu.
Na ɓoye su a littafin awon zazzaɓi.
Hunturu na tafe, an ce har ƙanƙara ake yi a nan,
yatsuna kuma sun fara tsagewa.
Ki aiko da safa mai kauri, da sabulu,
da ganye, Hazel, iya abin da ambulan zai ɗauka.

Ga fitilar wani jirgi can ta shigo gaɓa.
Bari in nemo takalmina.