Minti Goma Sha Bakwai

Shagona na bayan tashar Mabera:
ɗaki ɗaya, benci ɗaya,
da kwamfutar da na saya hannu na uku
shekarar da aka yaye Nusaiba,
wadda yanzu ke gyara mini lissafi.

Modi ya zo da kaset cikin ledar burodi.
Ya ce, "Babanmu na ciki.
Bara na ɗauke shi da kyamarar aro
yana jima a Shiyar Majema.
Jibi arba'in.
Ina son ƙannena su gan shi yana motsi."

Na jona waya, ta karɓa.
Ga tsoho garau a allo,
ana ƙirga tsagar fuskarsa,
ruwan bagaruwa ya rine shi har gwiwar hannu,
fatar jar akuya na ɗiga a kan turmi.
Layin ɗauka yana jan ciki kamar gwano.
Goma. Sha biyar. Sha bakwai.
Cak.
Hannun tsoho ya sandare a sama,
wani akwati ya faɗo da Turanci:
hotuna sun zube a hanya.

Na kashe, na kunna,
maganin farko na kowane mai gyara.
Na sake waya. Na hura bakin rami.
Na rufe duk wata taga da ke buɗe.
Sha bakwai.

Na rage wa hoton kaifi, sai ta wuce,
amma tsoho ya koma kamar wanda ake leƙe ta zana,
baki ya gama magana,
murya na biyo baya da ɗingishi.
Modi ya duba, ya duba.
Ya ce, "Wanga ba shi na ba."

Azahar ɗin Afrilu, kwano na ƙara a kanmu.
Na ce zafi ne.
Na kwance mata ciki da bakin wuƙa,
na kwashe saƙar gizo da gawar kyankyaso biyu,
na sayo ƙanƙarar ɗari uku wurin Inno
na girka a roba gaban fanka
kamar mai jinyar zazzaɓi.
Ta huce, ta daina nishi.
Sha bakwai.

Sai bayan isha'i na leƙa rumbunta.
Maƙil.
Walimar sauka da ba a biya ba,
taron ƙungiyar 'yan albasa,
sunan wani yaro da yanzu ke tuƙa babur,
sai can ƙasa, ya cinye rabin wuri,
nawa:
masuntan Kwalkwalawa,
shekara tara ina cewa bayan salla zan gama.

Na danna gogewa.
Ta ce, ka tabbata?
A kan wannan aiki
ba wanda ya taɓa yi mini tambayar sai ita.

Aka ɗauke wuta.
Muka zauna a bakin ƙofa, muka raba goro ɗaya,
ba wanda ya ce ƙala.

Biyun dare ta dawo.
Modi ya yi barci a benci, takalmi ne matashinsa.
Goma. Sha biyar.
Sha bakwai,
da daƙiƙa ɗaya, da biyu.
Hannun ya sauka.
Tsoho ya ɗago, ya dubi idon kyamara,
baki da murya suka iso tare:
"Modi, aje abin ga,
taho kama min fata."

Modi ya zabura daga barci ya ce, "Na'am!"

Ban juya ba.
Saura minti arba'in da ɗaya,
ƙanƙara ta zama ruwa,
layin yana tafiya.
Na janye hannuna daga linzami a hankali,
na ɗora a cinya,
kada ta san ina nan.