Matakala Saba'in da Huɗu

Daren Talata ne, a kicin ɗinmu na Ostrava,
shayi ya huce, babu wanda ya kula.
Bohumil ya ɗora tabarau biyu a hanci,
nasa da nawa,
wai don ya hango ƙananan rubutun nan na ƙasa
inda masu otal ke binne gaskiya.

Trieste za mu, kwana uku.
Shekara arba'in ke nan da aurenmu,
ban da wata biyar da muka yi gaba,
waɗannan ba ma sa su a lissafi.
Kuɗin na cikin gwangwanin biskit,
Yuro ɗari biyu da goma.
Mun ƙirga sau uku, sun ƙi haihuwa.

Otal na farko yana manne da tashar jirgin ƙasa.
Tagarsa na kallon bangon wani,
labulensa launin miyar da ta kwana.
Amma akwai burodi da gahawa da safe,
ɗakin kuma a ƙasa yake,
ka tura ƙofa, ka faɗa gado.

Na biyu mun yi masa kallo ɗaya:
banɗaki guda, ɗakuna tara.
Bohumil ya ce ya gama bin layi tun zamanin samartaka,
ba zai je bakin teku ya sake shi da tawul a kafaɗa ba.
Araha ba ta ado, na ce.
Ya ce, wannan ko wanka ba ta yi.

Sai na uku.
Wayyo, na uku.
Can bisa tudu, hawa na huɗu,
taga ƙarama, amma teku ya cika ta fal
kamar an zuba shuni a faranti.
Yuro shida kacal ya ɗara na tasha.
Babu na'urar hawa bene.
Na ƙara girman hoton, na bi da yatsa,
na tambayi mai gidan, wata Signora Ondina,
ta amsa da gaskiyarta: saba'in da huɗu.

Shekara talatin ya yi yana tuƙa taragon cikin gari,
gwiwarsa ta hagu ta yi ritaya kafin shi.
Ina jin ta da dare in zai tashi,
tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Bai taɓa cewa tana ciwo ba.

Ya ce, Zdenka, na tudu za mu kama.
Tun kina budurwa kike zancen teku,
matakala kuma ai lissafi ne kawai.
Ya ɗaga ƙafar ya buga ƙasa don in gani.
Na gani. Na ga har inda ya cije leɓe.

Na ce, ni fa iskar teku tana sa ni mura,
kuma ba na iya tashi ba gahawa.
Ya ce, yaushe kika fara shan gahawa?
Na ce, yaushe ka daina son kukan jirgi?
Ya ce jiya.

Haka muka zauna, tsofaffi biyu,
kowa na sharara ƙarya don ɗan'uwansa,
kowa ya san ta ɗayan,
babu mai tonawa.

Sha ɗaya ta wuce lokacin da muka koma kan allon.
Ɗakin tudun ya tafi.
Wani can, mai lafiyayyar gwiwa,
ya riga mu da minti goma.

Bohumil ya yi tsaki mai tsawo,
ya zagi mutumin da bai sani ba,
hannunsa kuwa a ƙarƙashin tebur
yana shafa gwiwar a hankali, kamar mai lallashin mage.

Na biya na tasha.
Yuro goma sha takwas suka yi saura a gwangwani.
Ya ce za su ishe mu kifi da kujeru biyu a bakin ruwa,
inda teku ke kwance a ƙasa,
ba sai an hau bene an gaishe shi ba.

Na tashi na ɗora wani shayin.
Ya kira ni daga baya:
Zdenka, wannan tabarau naki ne ko nawa?