Littafin Ma'aji

Ni ce ma'ajin ƙungiyarmu a Makera.
Ba don na iya lissafi aka zaɓe ni ba,
cewa suka yi Kande ba ta cin amana,
kuma gwangwanin madarata yana da murfi.

Ran Asabar bayan la'asar muke zama
a gindin durumi, bayan tsohuwar masaƙa,
wadda injinanta suka yi shiru tun Dogara yana rarrafe.
Ɗari-ɗari muke zubawa.
Ta mai ƙosai tana zuwa da maiƙo,
ta mai faci da baƙin taya,
Malam Tanimu kullum a rubuta masa bashi.
Ina rubutawa. Ban taɓa bi ba.

Da wannan muka je ma'aikata sau huɗu
a kan lambatun da ke kwana a ɗakunanmu duk damina.
Sau huɗu oga ya fita yanzun nan.
A na biyar kuɗin keke ya ƙare,
muka haye gada a ƙafa, mu goma sha tara,
kogi yana ta wucewa a ƙasa, ba ruwansa.

Sai ga Rifkatu daga wata gidauniya,
yarinya mai ladabi, ta ƙi kujera ta zauna a benci.
Ta kawo fom, shafi goma sha takwas, duk da Turanci.
Dogara yana fassarawa, ni ina amsawa.
Mutum nawa kuka amfana?
Na ce, ta yaya ake ƙirgawa?
Asabe da ba ta iya ɗaga ido gaban maza
ta tsaya gaban kansila ta ce masa, ban gama ba, zauna.
A wane layi zan sa wannan?
Rifkatu ta ciji biro, ta rubuta: ɗaya.

Wata bakwai shiru.
Ran da wayata ta yi ƙara ina tsakiyar tuƙa tuwo,
na ƙirga sifilin sau uku,
tuwon ya kama.

An ce kuɗi ƙare magana.
A wurinmu su suka fara ta.
Wasu na son riguna masu tambari,
wasu taro a otal da shinkafa a roba.
Wanda bai taɓa zuba sisi ba ya zo da hula sabuwa
yana tambayar yaushe za a yi zaɓe.
Sati biyu Larai ba ta gaishe ni ba.

Ga abin da muka yi da su, kowa ya zo ya duba:
lasifika ɗaya, da batir.
Benci shida, don tsofaffi su daina tsayuwa.
Hoton takardar koke, kofi ɗari uku.
Man motar lauya, ran da aka kama ɗan Saratu
don ya ɗauki hoton ruwa a ofishin da bai kamata ba.
Kuɗin keke, kuɗin keke, kuɗin keke.
Gidauniya tana son rasit.
Wane mai keke ne yake yawo da rasit?
Na sa su dangwala yatsa a littafina,
yanzu shafi tara duk yatsun mutane ne.

Ba a gyara lambatun ba tukuna.
Amma injiniya ya zo da kansa, ya auna,
ruwan ya shiga takalminsa,
Asabe ta miƙa masa tsumma ba ta ce komai ba.

Na gode wa Rifkatu da waɗanda suka aiko ta.
Nasu yana banki, yana da wa'adi,
watan Disamba zai ƙare kamar yadda aka rubuta.
Gwangwani yana ƙarƙashin gadona.
Asabar da ta wuce Malam Tanimu ya jira kowa ya watse,
ya kwance bakin aljihu,
ya ba ni ɗari biyu, duk sun sha jiki,
ya ce, rage mini, 'yar nan.

Na buɗe littafi, na soke sati biyu.
Saura tamanin da ɗaya.