Kuɗin Rufin Ɗaki

Gidanmu na rataye a wuyan tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da arba'in da biyu daga titi.
Shekara ashirin da shida Eliodoro na hawansu
in ya taso daga tuƙin bas, gwiwa na ƙara,
bai taɓa tsayawa hutu a tsakiya ba
sai daren da ya zo mini da zancen makaranta.

"Wace makaranta, da furfura har a gira?"
Ya nuna teburin cin abinci. "Ga ta nan."

Peso dubu sittin da takwas duk wata.
Ni na san kuɗin nan tun suna ƙanana:
a gwangwanin shayi na rene su,
daga ɗinkin labule da rage tsawon wando,
har suna na raɗa musu, kuɗin rufin ɗaki,
don iskar teku ta cinye mana kwano
har muna leƙen taurari daga kan gado.

Muka sa hannu.
Ruwan hunturu ya sauko a watan Yuni
kamar mai bin bashi da ya san hanyar gida.
Bokiti uku, tukunya ɗaya,
shi kuma a tsakiya da tsohuwar kwamfutar 'yarmu Maite
yana koyon aikin akanta,
ɗigon ruwa na taya shi ƙidaya.

Malaminsa riga ɗaya gare shi, shuɗiya.
A minti na tara yakan yi tari,
ko sau goma aka mayar da shi baya, sai ya yi.
Eliodoro ya aika masa tambaya ranar Talata,
amsa ta zo bayan kwana goma sha ɗaya
da sunan wata mata da ba mu taɓa ji ba.
Na ce, "Wannan karatu ne ko hira da bango?"
Ya gyara tabarau, bai tanka ba.

Akwai daren da na same shi ya kifa kai a kan madannai,
harafi ɗaya ya cika shafi huɗu.
Akwai watan da muka ci wake sau goma sha tara.
Su talatin suka fara, in ji shi,
bakwai suka kai ƙarshe,
bai san fuskar ko ɗaya ba.

Takardar shaida ta iso babu ambulan.
Muka sauka, muka biya aka buga ta
a shagon Don Froilán, kusa da masu kifi.
Ofis biyar ya kai ta a bakin tashar jiragen ruwa.
Suka dubi takardar, suka dubi furfurar,
furfurar suka fi daɗewa suna kallo.

Har yau bas yake tuƙawa.

Sai dai wata Lahadi ya zazzage kwalin takalmi
inda muke cusa takardun albashi,
ya zauna da fensir tun hantsi
har fitilun jirage suka kama a kan ruwa.
Ya ɗago ya ce, "Nélida, shekara shida ke nan
suna yanke mini awa biyu duk mako."
Muryarsa ko rawa ba ta yi ba.
Direbobi goma sha ɗaya suka hawo matakalarmu
kowa da nasa kwalin, suna haki,
ina dafa musu shayi.
Magana na gaban hukuma. Ko sisi ba a biya ba tukuna.

Jiya Ximena ta tare ni a wurin shanya:
ɗanta ya ga talla a waya, ko ya shiga?
Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Na buɗe baki, sai na tuna bokiti uku.
Na tuna kuma yadda yake riƙe fensir yanzu,
riƙon mai makullin ƙofarsa a hannu.
Na ce, "Tambayi ɗanki ko zai iya zama shi kaɗai
ƙarfe ɗayan dare, babu mai ce masa sannu.
Sannan ki hau ki duba rufinki."

Hadari na haɗowa ta wajen teku.
Na kwashe shanya,
na shiga neman inda na ajiye bokitai.