Gwaggo Sannu

Da asuba nake danna mata maɓalli,
in je in yi alwala, in ɗora ruwan shayi,
in dawo in tarar tana nishi
kamar tifar yashi a hawan Gada Biyu.
Ba ta gama farkawa ba.
To, ni ɗin ma ai ba da gudu nake tashi ba.

A gwanjon wani ofishi marigayi ya saye ta,
ya ɗauko ta a acaɓa tun daga Taminus,
akwatin a cinyarsa, allon a kan tankin mai.
Fara ce sol a ranar.
Yau ta koma launin haƙorin mai cin goro.

Aikinta bai taka kara ya karya ba:
lissafin buhunan dankali daga Bokkos,
wanda ya biya, wanda ya ce sai jibi,
da bashin Laraba ta Farin Gada
da ya shekara uku yana zaune a layi na tara.
Amma kada ka haɗa mata aiki biyu.
Ka buɗe lissafi, ka ce ta nuna hoto,
sai ta ƙame, ta zuba maka ido,
kibiyar ta tsaya cak a tsakiyar allo
kamar jakin da ya ga rafi.

Ba ta san harafi mai ƙugiya ba.
In na nufi ƙasa, sai ta ba ni kasa,
in bi da biro in fitar da macijin daga takarda.

Gyang mai gyara ya kwance cikinta ran Talata,
ya hure, ya zaro ƙwan tsaka guda biyu.
Ya ce, "Mama, wayar jikarki ta fi ta ƙwaƙwalwa."
Na ce na ji.
Sagir kuwa cewa ya yi a kai ta Dilimi
a auna ta a kilo, a sayi kalanzir.
Na ce ranar da gwiwata ta ƙi hawa bene
ni ma sai ka nemo sikeli.

Ita ta koya mini tsoron wuta:
layi ɗaya, in adana; layi biyu, in adana,
don masu ɗaukewa ba sa sallama.
Ita ta koya mini zama.
Kafin ta buɗe shafi na tsince shinkafa,
kafin ta rufe na ja carbi ya zagayo.

In sanyin Jos ya sauko daga duwatsu
ya shigo Anguwar Rogo ta ƙarƙashin ƙofa,
kyanwa kan haye kanta ta naɗe,
ni kuma in miƙa tafin ƙafa wajen hucinta.
Mu uku, da garwashi ɗaya mai fanka.

Akwai wani ɗan batir a cikinta da ya mutu,
mai riƙe mata kwanan wata.
Kullum ta farka sai ta ce
yau ɗaya ga Janairu, dubu biyu da tara.
Gyang ya ce ɗari biyar zai sa sabo.
Ban ba shi ba.

A wannan shekarar Malam yana nan,
yana tari a tsakar gida,
yana tambayar wa ya ɗauke masa silifa.
Sai in bar ta a kan kuskurenta
har shayin ya huce,
sannan in gyara mata ranar.