Gado na Tara

Baba Habila ya manta sunana tun ranar Lahadi.
Yana kirana da sunan ƙanwarsa
da aka binne a Bawku kafin a haife ni.
Kokon da na sayo a Aboabo ya huce a leda,
ƙosai ya sandare, ko kallonsa bai yi ba.

Yaya Irmiya na tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu.
Shekara huɗu rabonmu da zama benci ɗaya,
tun da ya koma cocin nan na Asawase
mai ganguna da lasifika.
Ya ce addu'armu ta takarda ce, babu wuta a cikinta.
Na ce tasu hayaniyar tasha ce.
Daga nan gaisuwa ta koma ɗaga gira.

Wajen ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta a asibitin.
Kafin janareta ya gama tarinsa
sai ga muryar Baba, siririya kamar zaren da ya sha wanki:
"Na ba da gaskiya..."
Shekara talatin yana koya wa yara wannan
a gindin mangwaron coci, da 'yar tsumagiyarsa da ba ta taɓa dukan kowa ba.
Ya bi ta a hankali, kamar mai sauka daga tsani cikin duhu,
ya wuce haihuwa, ya wuce gicciye,
ya iso kabari,
sai ya tsaya.
Na ji yana laluben kalma, numfashi na fita babu ita.

Maame Konadu, mai kifi a Kejetia,
da ke jinyar mijinta a gado na goma,
Hausarta ba ta wuce "nawa ne" da "rage mini" ba,
amma ta san takun abin.
Ta ɗauka da Twi daga inda ya ajiye,
carbin Katolika na kaɗawa a wuyan hannunta.
Akologo maigadi, ƙafarsa rataye a ƙarfe,
ya shigo da Farafaranci, a makare, da ƙatuwar murya.
Nas Dzifa ta tsaya da fitilar wayarta,
tana yi ƙasa-ƙasa da yaren Ewe.
Babu wanda ya jira wani, babu wanda ya bar wani a baya.
Rana ta uku ta zo mana ta baki huɗu,
Baba ya kama gefenta ya miƙe da ita.

Na waiga ƙofa.
A cocin Irmiya ba sa karanta ta,
amma leɓensa bai nemi izinin fasto ba.

Amin ɗin kam ba ta buƙaci tafinta.

Wuta ta dawo, kowa ya sunkuyar da kai
kamar an kama mu muna raba abinci a ɓoye.
Irmiya ya ɗauki ledar kokon,
ya ce bari ya nemo inda za a ɗumama.

Ranar Juma'a Baba ya tafi.
Har yanzu muna jayayya kan wanda zai yi wa'azi a bakin kabari,
nasa faston ko namu,
da ko za a zo da ganguna.
Abu ɗaya ne da na rubuta a takardar tsari
ya karanta, ya miƙo mini biro,
bai ce a goge ba.